Shekarar da Muka Karanci Banki Ni da Malam

Na sha jin ku, ku 'ya'yana, kuna gaya wa naku 'ya'yan cewa kakanku Malam Badamasi ya kore ni daga gida saboda na shiga aikin banki. Ban san wanda ya fara ƙaga maganar ba. Tun ina ji ina kawar da kai har na ga tana neman zama gaskiya a bakin jikoki. Malam bai kore ni ba, bai yi mini baki ba, ko tsawa bai yi mini ba. Abin da ya faru ya fi haka tsawo, shi ya sa na ga gara in rubuta shi da hannuna tun idona yana ganin layi.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, na auri mahaifiyarku Rakiya, muna zaune a gidan Malam cikin birni, ɗaki ɗaya da rumfa. Ni akawu ne a wani kamfanin matsar man gyaɗa a Bompai, na wani Kwara, cikin Larabawan nan 'yan kasuwa. Kullum da sassafe zan hau keke in fita ta Ƙofar Nassarawa, tun kafin in isa nake jiyo ƙamshin gyaɗa daga injina. Bompai ta lokacin ba irin ta yau ba ce. Kamfanonin 'yan ƙalilan ne, da sito-sito na kwano, tsakaninsu har gonaki za ka gani ana kiwon awaki. Aikin kamfaninmu kuwa ko jahili ya tsaya a bakin ƙofa zai gane shi: gyaɗa ta shigo a buhu, mai ya fita a duro, tunkuza ta fita a mota. An saya, an matse, an sayar.

Duk ƙarshen wata mai kamfani zai sa hannu a cek, ni da direba mu je banki mu ɗauko albashin leburori. A nan abin ya fara damuna. Ga gini ya fi kamfaninmu kyau nesa ba kusa ba, ga fanka tana juyawa a sama, ga akawuna sun fi ashirin kowa da farar riga a goge, ga masu gadi. Amma na duba gabas na duba yamma, ban ga abin da ake sayarwa ba. Babu buhu, babu duro, babu sikeli. Mu mu kawo takarda su ba mu kuɗi, wani ya kawo kuɗi su ba shi takarda. To wa ke biyan waɗannan mutane? Da me aka gina gidan? Na tambayi direba, ya ce ai na gwamnati ne. Na tambayi Kwaran, ya ce in kula da aikina. Na yi kusan wata shida ina kwana da tambayar nan ina tashi da ita.

Manajan reshen wani Bature ne dogo da ba ya rabuwa da lofe, mutane suna ce masa Mai Lofe. Wata rana aka sami tangarɗa a sa hannun cek ɗinmu, aka shigar da ni ofishinsa. Da aka warware, na miƙe zan fita, sai bakina ya riga ni.

“Ranka ya daɗe, wai me kuke sayarwa a gidan nan?”

Ya cire lofen daga bakinsa ya dube ni.

“Shekarata uku a kujerar nan, babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Muna hayar kuɗin mutane da araha, mu ba da hayarsu ga wasu da tsada. Sauran aikin duka ƙoƙari ne kada su salwanta a hanya.”

“Kuɗi ana hayarsu kamar jaki?”

Ya yi dariya har da tari. Ya yago takarda ya rubuta mini adireshin wata makaranta a Ingila da ke koyar da aikin banki ta gidan waya. Ya ce suna neman 'yan Arewa ido rufe, in na ci jarrabawar farko in dawo wurinsa.

Na sayar da agogona na biya kuɗin shiga. Bayan wata biyu ambulan na farko ya iso, mai kauri, na buɗe shi nan take. Tun daga ranar, bayan sallar asuba sai in shimfiɗa tabarma a rumfa in yi karatu har lokacin fita. Ban taɓa jin daɗin karatu kamar wannan ba. Ashe banki yana da masu shi, mutane ne da suka haɗa jari, suka naɗa waɗansu su kula musu. Ashe Mai Lofe da nake gani kamar shi ne wuƙa shi ne nama, akwai iyakar rancen da zai iya bayarwa, in ya wuce nan sai ya rubuta wa babban ofishinsu na Ikko an yarda masa. Ashe akwai sufetoci da kan faɗo reshe ba sallama, su rufe ƙofa su ƙirga komai. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne darasi na huɗu. Kuɗin da mutane suka kai ajiya ba sa nan a cikin taska. Kaɗan ake bari don masu zuwa ɗiba, sauran duk suna waje, a hannun 'yan kasuwa da kamfanoni irin namu. Wataƙila injin da nake ji yana ruri a Bompai da kuɗin wani mai sayar da goro aka saye shi, shi bai sani ba.

Wadda na fara yi wa bayanin nan ita ce Gwaggo Tabawa, yayar Malam, wadda ta dawo gidanmu bayan rasuwar mijinta. Ita ce uwar adashin unguwarmu, kuma mata kan kawo mata ajiya. Kowace mace da ƙullinta daban a cikin akwatin Gwaggo, ba ta karatu amma ba ta taɓa musanya na wata da na wata ba. Tana tsince wake na zauna kusa da ita ina ta zuba.

“Tsaya, Yusha'u,” in ji ta. “Wato Ladi ta ba ni sule goma in ajiye mata, ni kuma in zare takwas in ba Asabe ta sayi gyaɗa?”

“Haka ne, Gwaggo. Asabe ta dawo miki da tara.”

“To ranar da Ladi ta zo fa?”

“Sai ki ba ta daga na Hajara. Ai ba za su zo rana ɗaya ba.”

“Ba ka san mata ba. Bari a ce gobara ta tashi a ɗakina ka ga ko ba za su zo rana ɗaya ba.” Ta ci gaba da tsince waken. “Amma fa akwai wayo. Wallahi akwai wayo. Wanda ya fara tunanin nan ba ya barci da yawa.”

Darasi na gaba da ya zo, kan maganar Gwaggo yake daga farko har ƙarshe: abin da banki zai yi ranar da kowa ya zo ɗibar nasa. Na karanta mata ina fassarawa, ta ce a gaya wa Turawan ta riga su.

Na san maganar za ta kai ga Malam, ina dai jan lokaci. Malam yana karantar da manya fiƙihu a zaurensa, 'yan kasuwa da alƙalai suna zuwa ɗaukar karatu, kuma shi ake kawo wa rigimar ciniki da ta gado. A zauren nan mai kai wasiƙu yake ajiye ambulan ɗina. Wata Alhamis bayan la'asar ya aika a kira ni. Na durƙusa, na ga ambulan a kan buzunsa.

“Wannan takarda da ke zuwar maka duk wata, ta mece ce?”

“Karatu ne, Malam. Na yadda ake gudanar da banki.”

“Gidan kuɗin ruwa.”

Na sunkuyar da kai. Na jira hukunci.

“Haka nake ji ana faɗa,” in ji shi. “Amma ni ban taɓa shiga ba, kuma duk waɗanda suka gaya mini su ma ba su taɓa shiga ba. Mutane suna zuwa suna tambayata ko su kai kuɗinsu, ina ba su amsa a kan abin da ban gani ba. Wannan yana damuna. Duk Alhamis ba ni da ɗalibai. Ka riƙa zuwa da takardun nan kana karanta mini.”

Haka muka yi kusan shekara. Ni a kan buzun ɗalibai amma ni ke ba da karatu, shi da tawada da alƙalami yana rubutu da ajami a gefen takarda. Wahalar da na sha a hannun Malam ban sha rabinta a hannun masu jarrabawa ba. Ranar farko ya tsayar da ni a kalma ɗaya.

“Ka ce ajiya. Ajiya amana ce, ba a taɓa ta, in ta ɓace ba da sakacinka ba babu ramuwa. Su kuwa ka ce suna juya ta, kuma dole su biya ko ta ɓace. To wannan bashi ne. Me ya sa suke ce masa ajiya?”

Na rubuta wa malamin da ke duba darussana a Ingila, bayan mako shida amsa ta dawo cewa a dokarsu ma bashi ne, mai ajiya shi ke bin banki. Da na karanta wa Malam, ya yi murmushi irin wanda ban saba gani a fuskarsa ba, ya ce in gaishe da mutumin. Akwai abubuwan da suka burge shi. Da na gaya masa taskar banki makulli biyu gare ta, a hannun mutum biyu, ɗaya ba ya buɗewa sai da ɗaya, ya ce da masu kula da dukiyar marayu za su yi haka da an huta. Da na yi masa bayanin yadda ɗan kasuwa zai zuba kuɗi a Kano ya karɓa a Ikko ba tare da ya ɗaura su a ƙugu cikin jirgin ƙasa ba, ya ce abin da banki ke karɓa a kan wannan ladan aiki ne, babu laifi. Ya ja layi a tsakiyar takardarsa, abin da ya halatta ya sa a dama, wanda bai halatta ba a hagu. Gwaggo takan zauna a bayan ƙofar zaure tana jefo tata tambayar, Malam ya ce, “Yaya, bari ya gama.” Ina ganin ɓangaren dama yana cika, raina yana sanyi. Sai wata rana ya tambaye ni, cikin ribar da banki ke samu a shekara, nawa ne daga dama, nawa ne daga hagu. Na gaya masa gaskiya, mafi yawa daga hagu ne, daga ruwan da ake ɗora wa rance. Ya busa tawadar ta bushe.

Ana saura wata guda jarrabawa ya ce yana so ya ga wurin da idonsa. Na je na roƙi Mai Lofe, ya ce mu zo ran Asabar da hantsi. Muka shiga motar haya daga Ƙofar Mata. Malam ya sa farar rigarsa da rawani. A bakin ƙofar banki ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, na ce ba a cirewa, ya ce gidan mutane ne. Akawuna suka bar rubutu suna kallonmu. Mai Lofe ya fito da kansa ya tarye shi, ya ma kashe lofen. Ya zaga da mu bayan kanta, ya kira babban kashiya suka haɗa makullansu suka buɗe taska. Malam ya leƙa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce da ni ƙasa-ƙasa, “Ashe ɗakin ƙarami ne.” Muka koma ofis, ina tsakiya ina yi musu tafinta.

“Tambaye shi,” in ji Malam. “Ya ba mutum rance ya sayi gyaɗa. Mutumin bai yi wasa ba, bai yi ha'inci ba, ruwan sama ya shiga sito gyaɗar ta ruɓe. Hasarar ta wa ce?”

“Ta mai gyaɗa ce,” in ji Mai Lofe. “Zai biya uwar kuɗi da ruwanta. In ya kasa mu sayar da abin da ya jinginar.”

“To gaya masa mu muna da wata hanya, sunanta ƙiradi. Mai kuɗi ya kawo kuɗi, mai aiki ya kawo ƙarfinsa. In an ci riba a raba yadda aka yi alkawari. In an faɗi, wannan ya rasa kuɗinsa, wancan ya rasa wahalarsa. Me zai hana su yin haka?”

Mai Lofe ya jawo takarda ya sa na maimaita, yana rubutawa. Ya tambayi yadda ake gane mai aikin da ya ɓoye riba. Malam ya ce shi ya sa ba a yi da wanda ba a sani ba. Mai Lofe ya ce matsalarsa ke nan, shi bai san kowa a birni ba, takardar gida kawai ya sani, kuma kuɗin ba nasa ba ne da zai sa su a hatsari. Malam ya ce wannan magana ce ta mai amana. Suka yi kusan awa guda, kowa yana jin daɗin ɗan'uwansa, ni gumi yana keto mini wajen neman kalmomi. Da za mu tafi suka yi musafaha hannu biyu. Na fito ina ganin an gama, na samu.

Malam ya ce mu taka da ƙafa. Sai da muka wuce tashar jirgi sannan ya yi magana.

“Mutumin nan mai gaskiya ne, kuma aikinsu akwai tsari. Na gode maka, yanzu in an tambaye ni na san abin da zan ce. Amma abin da nake tsoro shi ne ginshiƙin gidan. Kuɗi su haifi kuɗi, mai su yana kwance, hasara a kan talaka shi kaɗai. Ban sami inda zan bi in halatta shi ba, kuma na nema, Allah ya sani na nema saboda kai.”

“To in na ci jarrabawar fa, Malam?”

“Kai ba yaro ba ne, kana da iyali. Ba zan ɗaure ka ba, ba zan yi fushi da kai ba. Akwai malaman da suke ganin lalura ce, kada a bar wurin babu namu. Ban ce sun ɓata ba. Amma ni abin da na gani ke nan. In ka shiga, albashinka ba zai shiga cikina ba.”

Na ci jarrabawar. Takardar ɗaukar aiki ta zo, na ajiye ta kwana tara ƙarƙashin tabarma. Daga baya nakan gaya wa mutane na karɓa ne don in taimaki 'yan kasuwarmu, waɗanda nake gani ana mayar da su daga bakin kanta don babu wanda ya san su a ciki. Akwai wannan, kuma na yi iyakar ƙoƙarina a kai. Amma ku zan gaya muku gaskiya. Na karanta abin a takarda shekara guda, na leƙa taska sau ɗaya, raina ya ƙi kwanciya. So nake in ga yadda ake yanke shawarar wa za a ba wa za a hana, in zauna a ɗakin da ake yi. Da na koma lissafin buhunan gyaɗa da na mutu da tambayoyina. Ran na goma na je na sa hannu.

A gidan Malam tukunya ɗaya ake ɗorawa, kowane magidanci yana kawo nasa cefanen. Ni da kaina na ga ba zai yiwu in zauna ina jefa shi cikin shakka a kan kowace loma ba. Na kama haya a Fagge. Ranar tashinmu shi ya yi mana addu'a a zaure, Gwaggo tana kuka tana cewa karatu ya cinye mata yaro. Wannan ita ce korar da kuke ji.

Malam bai yanke mu ba. Duk Juma'a bayan masallaci zai biyo ta Fagge, ya zauna, ya tambayi aiki, ya ɗauki babban yayanku ya yi masa wasa. Rakiya za ta kawo abinci ta ajiye, don ba ta iya ganin suruki a gidanta ba ta kawo ba. Zai ce Allah ya yi albarka, ya ciro dabino daga aljihunsa ya ci. Kwanon ya koma yadda ya zo. Na yi masa ɗinkin salla, ya sa albarka ya mayar. Ya yi rashin lafiya, ina da kuɗin da zan kai shi wurin kowane likita a Kano, sai ɗalibansa ne suka haɗa suka kai shi. Ana gaishe ni a banki ana rusunawa, amma ban isa in saya wa ubana goron kwabo ba. Shekara biyu muna haka.

Mahaifiyarku ce ta samo mafita. Wata Juma'a bayan ya tafi, ta zauna gaban kwanon da bai taɓa ba, ta ce:

“Gonar nan ta Sharaɗa da ka gada wajen Inna mahaifiyarka, wa ke noma ta?”

“Babu kowa. Tun rasuwarta take kwance.”

“Ita ma banki ne ya ba ka?”

Sharaɗa a lokacin ƙauye ce, babu kamfani ko ɗaya. Na je na sami Malam na tambaye shi hukuncin abin da gonar za ta fitar. Ya ce in iri da taki da ƙwadago ba su fito daga albashi ba, halal ne tsantsa. Gwaggo ta ba ni irin gero da na kuɓewa daga nata. Taki na roƙa wajen Fulanin da ke sauka kusa. Ƙwadago kuwa babu kuɗin biya, don haka ni ne. Duk Asabar in an tashi daga banki da rana, in tuɓe kwat in ɗaura fartanya a keke, Lahadi kuma tun asuba. Hannuna da ya saba da alƙalami ya yi kanta ya fashe. Ran Litinin ina miƙa wa Mai Lofe takardu yana kallon tafina, bai taɓa tambaya ba. Mutanen Sharaɗa suna tsayawa a kan hanya su ga akawun banki yana noma, waɗansu su gyara mini riƙon fartanya.

Da kaka na sami dami goma sha ɗaya. Rakiya ta sayi sabuwar tukunya da kuɗin saƙar hulunanta, da gishiri da daddawa, itace kuma daga gonar na ɗauro. Ta surfa, ta niƙa, ta tuƙa tuwon gero da miyar busasshiyar kuɓewa, babu nama don ba mu da naman da zai ci. Ran Juma'a Malam ya zo ya zauna inda ya saba. Ta ajiye kwano ta durƙusa ta lissafa masa asalin komai, tun daga gero har ashanar da aka kunna wuta. Ya saurara har ta gama. Ya dubi hannuwana. Sannan ya ce a kawo ruwa, ya wanke hannu, ya yi bisimilla.

Ba mu yi motsi ba, ni da ita, har ya cinye. Ya suɗe yatsunsa, ya tura kwanon gabanta.

“Rakiya,” ya ce, “in da saura a tukunya, ƙaro mini.”